Shuɗɗan Gangunan da Suka Ci Hannuwan Inna

Hannuwan mahaifiyata sun warke, ko kuma in ce sun kai iyakar warkewar da za su yi. Yanzu tana alwala da ruwa, tana cin tuwo da hannunta, amma aikin gumin shinkafa kam ta yi sallama da shi. Na rubuta yadda abin ya faru ne saboda matan da ke sayen shuɗiyar gangar roba a kasuwa su jiƙa shinkafa a ciki, da kuma duk mai jinyar tsohuwar da ba ta faɗin dukkan abin da ta sani.

Sunana Sa'adatu. Ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, ina zaune a Badariya da maigidana da yaranmu. Inna tana Gulma, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Sana'arta gumi: ta sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta jiƙa ta a ruwan ɗumi, ta turara, ta shanya, a kai inji. Da shi ta ciyar da mu. Tun ina goye take wannan aiki tare da aminiyarta, wata gajeriyar mata mai yawan dariya da ake kira Ta-Augie. Murhunsu ɗaya, tabarmar shanyarsu ɗaya.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni auta da Yaya Umaru, ɗan fari, wanda yake da shago a Argungu yana sayar da ganguna da jarkoki da bokitai. Sai na bayyana irin zamansu kafin sauran labarin ya fahimtu. Inna tana yi wa Yaya kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Kakarmu ce ta raine shi. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, "mutumin Argungu" take ce masa. In ya shigo gida sai ta ja mayafi ta kau da fuska, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In tana da saƙo gare shi, ni take ba, ko Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kuma kai ƙararsa wurin kowa.

Ciwon ya fara ne bayan an yanke shinkafar rani, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma aikin gumi ya fi yawa. Ta-Augie ce ta kira ni a waya.

"Ɗiyata, zo ki ga uwarki. Ta bar gumi ta koma susa."

Na ji muryar Inna a bayanta tana cewa, "Ƙarya take, ɓuntu na." Suka yi dariya, ni ma na yi. Duk mai taɓa shinkafa ya san ɓuntu, wato ɓawonta, yana sa jiki susa. Na aika da wani mai daga kemis na manta da zancen.

Da na je a ƙarshen mako na biyu, na tarar abin ba na dariya ba ne. Daga yatsunta har gwiwar hannu fata ta yi jawur, ta kumbura, ta feso da ƙananan ƙuraje masu ruwa a jere a jere. Inda ta sosa ya fashe yana tsatstsafo da ruwa mai danƙo. Tsakanin yatsun ya tsage. Abin da na lura da shi, na kuma faɗa wa kowane likita daga baya, shi ne ciwon ya tsaya cak a ɗan saman gwiwar hannu, kamar an ja masa layi.

Na kai ta wani asibiti a Argungu. Muka bi layin kati, muka bi layin ganin likita, rana ta raba kafin a kira mu. Wanda ya duba ta bai ko taɓa hannun ba, ya leƙa daga kujerarsa ya ce ƙazuwa ce. Ya rubuta farin magani mai wari, ya ce kowa a gidan ya shafa, a tafasa tufafi da zannuwan gado. Inna ta fi jin ciwon sunan a kan ciwon kansa. A mota ta ce da ni, "Ni da ƙazuwa? Sa'a, ni da nike wanka tun kafin ladan?" Muka tafasa komai. Maganin da ya hau ɗanyar fatar ya sa ta hawaye, ciwon kuma ya ƙaru.

Daga nan dangi suka buɗe nasu asibitin. Gwaggo Asabe ta ce shawara ce ta fito waje, ta kawo saƙe-saƙi a kwalba. Wata maƙwabciya ta ce basir ne, ta kawo man shanu da toka. Aka dafa ganyen darbejiya, aka jiƙa sassaƙe, aka kawo rubutu daga Ambursa. Ban raina ko ɗaya ba, don kowa da ƙafarsa ya zo, kuma da zuciya ɗaya. Amma na ga yadda hannu guda yake shan magani iri-iri a yini ɗaya, kowanne yana goge na gabansa. A duk wannan lokacin Inna ba ta daina aiki ba. Takan naɗe hannun da tsumma ta tsoma shi cikin ganga tana kwashe ɓuntun da ya taso, don masu shinkafa suna jira.

Ranar da Gwaggo ta gaya mini Inna ta koma taimama saboda ruwa ba ya taɓuwa a hannun, ranar na ɗauki hutu na je na taho da ita Badariya.

Jinyar hannu jinya ce ta komai. Ni ke yi mata wanka, ni ke ɗaura mata zane, ni ke ba ta abinci da cokali. Mace ce da ba ta taɓa barin wani ya ɗebo mata ruwan sha ba. In na kai cokali bakinta sai ta kalli ƙofa tukuna ko jikokinta suna gani. Na koma rufe ɗakin in lokacin cin abinci ya yi. Na yanke mata farce, na ɗinka mata safar hannu ta farin yadi don kada ta yage fatar cikin barci. Maigidana, Allah ya saka masa, ya karɓi kai yara makaranta da cefane bai taɓa yin tsaki ba.

A babban asibiti aka ce mana likitan fata daga Sakkwato yake zuwa, rana ɗaya a mako. Makon farko layi ya ƙare kafin ya iso kanmu. Mako na biyu bai zo ba. A na uku muka gan shi, wani siririn mutum mai sanyin magana wanda ya juya hannun Inna ciki da waje, ya duba bayan kunnenta da ƙafafunta, sannan ya shiga tambaya. Ko ta canza sabulu? Ko ta sa baƙin lalle? Tana taɓa taki ko maganin feshi? Akwai wani sabon abu a cikin kayan aikinta?

"Babu," in ji Inna. "Kamar kullum."

Ya sake tambaya ta wata fuskar, ta sake ba shi amsa guda. Ya ce ba ƙazuwa ba ce, a daina duk abin da ake shafawa. Ya rubuta ƙwayoyi da mai guda ɗaya, ya ce jikinta ne yake faɗa da wani abu da take taɓawa, kuma sai an gano abin za a rabu da ciwon.

Cikin makonni kaɗan ruwan ya tsaya, kumburin ya saɓe, sabuwar fata ta fito. Yaya Umaru ya zo duba ta da lemo da ayaba da kaji biyu. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ta ja mayafi, ya yi mata sannu, ya ajiye mini abin da zan ƙara a sayen magani. Na yi masa godiya har bakin mota. Ina faɗin wannan ne don a san bai guje wa jinyar ba. Yana cikinta tun daga farko har ƙarshe.

Da damina ta sauka Inna ta matsa sai ta koma Gulma. Na mayar da ita. Ba ta cika mako da komawa aiki ba aka kira ni. Wannan karon hannun ya fi na farko lalacewa, ciwon ya hau wuyanta, fuskarta ta kumbura har idanun suka rufe. Na same ta zaune a tsakar gida ba ta ganin kowa, dangi sun kewaye ta, Yaya yana tsaye a tsakiya yana magana.

"Ku duba da kyau," ya ce. "Ta tahi Birnin Kebbi ta warke. Ta dawo Gulma ya tashi. Wanga ba ciwon asibiti na ba. Akwai hannu ciki."

Ya zo da wani mai magani a motarsa. Mutumin ya shimfiɗa buzu, ya zana ƙasa, ya ce aikin mace ce, gajera, wadda take kusa ƙwarai, wadda take ci tare da Inna. Ba wanda ya ambaci suna. Gwaggo Asabe ce ta ƙarasa abin da ya rage.

"Ni dai abin da ka ba ni mamaki, hannu biyu cikin ganga guda, ruwa guda, shinkafa guda. Guda ya ruɓe, guda ko ƙurji babu."

Ta-Augie tana tsugune a bakin murhu tana dama wa Inna kunu. Ta ajiye ludayin. Ta dubi Gwaggo, ta dubi Yaya, sannan ta juya wajen Inna.

"Kin ji abin da anka ce?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ke nike tambaya. Kin ji?"

Na ce, "Haba Gwaggo, wace irin magana ce wannan," amma ba maganata Ta-Augie take jira ba. Ta sauke kunun, ta rufe shi da faifai, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. A lokacin na ɗauka zafin ciwo ne ya hana Inna magana.

Muka koma Badariya, muka koma layi. Likitan ya kwantar da ita a asibiti har kumburin fuskar ya sauka. Da ya ji yadda ciwon ya dawo, ya ce shi ma ya yarda akwai wani abu a Gulma, amma abu ne, ba mutum ba. Na gaya masa maganar Gwaggo, cewa su biyu suke aikin, ɗaya ce kawai ta kamu. Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina, zan kuma maimaita shi yadda na fahimta.

Ya ce sinadarin da ke cutar da fata iri biyu ne. Akwai mai ƙuna, kamar ruwan batir, wanda duk wanda ya taɓa zai ƙone nan take. Akwai kuma wanda mutane da yawa za su yi ta taɓawa ba abin da zai same su, sai jikin wani ya ɗauki gaba da shi. Gabar ba ta fitowa a taɓawar farko. Sai jiki ya saba ganin abin, ya riƙe shi, sannan wata rana ya tashi da faɗa, kuma daga ranar ko ɗan kaɗan ya taɓa sai ya tashi. "Fata ba ta mantuwa, Hajiya," ya ce. Saboda haka lafiyar abokiyar aikinta ba hujja ba ce a kan kowa.

Ya ce akwai gwajin da zai nuna ko mene ne, amma sai fatar ta lafa, an kuma daina shan ƙwayoyin na ɗan lokaci, kayan gwajin kuma sai ya taho da su daga Sakkwato. Muka jira. Kuɗin gwajin ya cinye abin da na tanada don wani abu daban, ban yi nadama ba.

Ranar Litinin ya manna mata wasu faifan filasta a baya, kowanne da ƙananan gurabe, kowane gurbi da ɗigon sinadari iri daban: na roba, na siminti, na rini, na turare, na ƙarfe, da wasu da ban riƙe ba. Ya zana iyakarsu da alƙalami a fatarta. Sharaɗin shi ne kada ruwa ya taɓa bayan, kada ta yi gumin jiki, kada ta sosa. Wanda ya san Birnin Kebbi in hadari ya haɗu ya ƙi zuba, ya san abin da aka ɗora mana. Wuta ta ɗauke. Na zaunar da ita a ƙofar ɗaki ina yi mata fifita, in hannuna ya gaji 'yata ta karɓa. Sallah ma a zaune ta yi don kada filastar ta ɓalle. Ta ce da ni, "An mai da ni allo, an rubuta, an hana wankewa."

Laraba aka cire. Likita ya duba ya ce mu dawo Juma'a, don wata amsar sai ta kwana take fitowa. Da muka koma, duk guraben sun koma fata lafiyayya sai guda ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar dama. Shi ya yi ja, ya tashi, ya feso da ƙurajen nan masu ruwa, irin na hannun sak, a wurin da bai fi kan yatsa ba.

"Ga shi nan," in ji likita. "Sunansa ifoksi. Danƙo ne na masana'antu. Ana haɗa fentin daɓe da shi, ana liƙe bututu, ana toshe jirgin ruwa. Na saba ganin wannan ga masu fenti da masu gini. Mai gumi ban taɓa gani ba." Ya zagayo gabanta. "Gwajin ya gaya mana abin da jikinki ya ƙi. Bai gaya mana inda kike gamuwa da shi ba. Mama, a ina?"

"Allah shi ya sani," ta ce. Ta ja mayafi ta kau da fuska wajen bango.

Na san wannan jan mayafin. Mutum ɗaya ne a duniya take yi wa shi, kuma ba ya cikin ɗakin.

Washegari na tafi Gulma ni kaɗai. A bayan ɗakuna, wurin jiƙo, tsofaffin gangunan ƙarfen da na sani suna jingine a bango sun yi tsatsa. A madadinsu akwai shuɗɗan gangunan roba guda huɗu. Na sha ganinsu a zuwan da nake yi, ban taɓa kawo komai ba, don kusan kowane gida akwai irinsu. Gwaggo ta ce Yaya ne ya kawo su kyauta gab da yankan shinkafar rani, ya ce ƙarfe ya yi wa Inna nauyi. Na duba jikinsu. Inda takardar kamfani take an kankare shi tas har robar ta yi fari. Na sa kara na bi lungun gindin ɗaya daga ciki. Ya fito da wani abu mai yauƙi, launin zuma, mai wari kamar na sabon fenti. Daga bakin gangar zuwa inda ruwa ke tsayawa, in mutum ya miƙa hannu ya kai ga shinkafa, daidai saman gwiwar hannu ne.

Na zarce Argungu. Har a lokacin ina neman wa Yaya uzuri a raina, cewa shi ma sayowa ya yi bai sani ba. Ban same shi a gaban shago ba, sai na zagaya baya inda ake wanke ganguna. Magidanta biyu suna aiki, kowanne da baƙar safar roba har kafaɗa. Na gaishe su, na tambayi dalilin safar a wannan zafi. Ɗayan ya zare tasa ya nuna mini hannu mai dabbare-dabbaren tabo.

"Tun bara Alhaji yas saya muna, da hannuna ya ɓaci. Masu danƙon nan ba a taɓa su haka nan."

Tun bara. Kafin Yaya ya kai wa Inna gangunan.

Yaya ya dawo daga masallaci ya tarar da ni a kan bencinsa da karan a hannu.

"A'a, 'yar rediyo. Yau labaran a shagona za a karanta?"

Na miƙa masa karan. Na gaya masa sunan da likita ya faɗa, na gaya masa abin da ma'aikacinsa ya nuna mini. Ya kalli karan, ya jefar da shi a kwata.

"An wanke su. Da garin sabulu da ruwan zahi anka wanke su."

"Yaya, ka san abin da ke ciki ka kai mata."

"Ke, mutum nawa sunka saye? Wa yam mutu? Ta-Augie ba ga ta nan garau ba?"

"Ita ka bari aka ɗora wa."

"Ni na ambaci sunanta? Kin ji sunanta a bakina?"

"Kai ka ɗauko mai buzun a motarka."

Ya duba ko maƙwabtan shago suna saurare, ya rage murya. Ya ce da farko bai kawo gangunan a ransa ba. Da ciwon ya dawo karo na biyu ya gane, amma a lokacin rabin matan Gulma da Augie sun riga sun saya a wurinsa, in magana ta fita kasuwarsa ta mutu. Ya ce ya yi niyyar ya janye na Inna a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Ya ce in tuna da kuɗin gangunan nan ya taimaka a jinyar.

"Ta kwana ba ta gani, Yaya. Kana tsaye a kanta kana zancen hannu."

"Ki rage murya, Sa'a. Ni yayanki na."

Na rage muryar, don aikina ne sarrafa murya. Na ce masa na ji, na tashi.

Abin da ya fi wannan ciwo yana jirana a Badariya. Na sami Inna tana shafa man da likita ya ba ta. Na zauna a gabanta na ce na je Gulma, na je Argungu. Ba ta ɗago ba.

"Inna, kin sani?"

"Na yi zato."

"Tun yaushe?"

"Tun randa na koma daga nan. Ina tsoma hannu na ji shi har cikin ƙashi."

"Likita ya tambaye ki ko akwai sabon abu. A gabana ya tambaye ki."

"In ce mi? In ce ganga, shi ce wa ya kawo. Da wane baki zan faɗi?"

"Ta-Augie fa? Ta tambaye ki har sau biyu."

Ta daɗe tana murza yatsunta. Ta ce, "Yana tsaye wurin."

Na tuna cokalin da nake kaiwa bakinta, da layin asibiti, da fifitar da muka yi ni da 'yata. Kalma ɗaya daga bakinta da ta rage mana rabin wannan. Na taso ina ganin kunyar nan a matsayin ado, ina ma alfahari da ita in ana zancen tarbiyyar mutanen da. Ban san za ta iya rufe bakin mace hannunta yana ruɓewa ba. Ban kuma san wanda ake yi wa kunyar zai iya jingina da ita, yana da tabbacin ba za a ambace shi ba.

Na kai wa likita bayanin. Ya ce ba zai ɗora abin cikin gangar a fatarta ba don bai san ƙarfinsa ba, kuma ba a bukata: gwaji ya nuna, wurin ciwon ya nuna, warkewa da dawowar ciwon sun nuna. Ya ce kada ta sake taɓa gangunan, ko tsumma da ƙwaryar da suka shiga ciki. Ya ce shinkafar da aka jiƙa a cikinsu ba ta ciyuwa. Wadda ta rage muka haƙa rami muka binne. Wadda ta riga ta tafi kasuwa, ban san cikin wa ta shiga ba. Ina yi wa wannan likita godiya, da ma'aikaciyar jinyar da take riƙe mana wuri a layi in Inna ta gaji da tsayuwa. Ga masu saye kuma, abin da zan ce shi ne gangar da aka kankare takardarta, ko take da wari ko yauƙi a gindi, a bar ta, ko da an rantse an wanke, ko da kyauta ce daga ɗan uwa.

Na je gidan Ta-Augie na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ba ni ruwa, ta tambayi jikin Inna.

"Ki ce mata na yahe. Allah shi ƙara sauƙi." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Amma ni yanzu gumina ni kaɗai nike yi."

Ba ta sake taka gidanmu ba. Gwaggo Asabe kuwa cewa ta yi ita ai mamakinta kawai ta faɗa.

Bayan kaka na mayar da Inna Gulma. Hannun ya rufe, sai dai fatar ta yi kauri ta yi duhu, tana tsagewa in ta daɗe a ruwa, shi ya sa likita ya hana ta jiƙo ko a wace irin ganga. Gangunan huɗu suna nan a bayan ɗakuna inda na sa aka kife su. Muna isa Gwaggo ta kawo saƙo: Yaya ya ce zai zo da mota da la'asar ya kwashe su ya je ya zubar.

Inna ta ji saƙon. Sai da Gwaggo ta tafi ta kira ni.

"Sa'a, gatarin babanku na nan bayan rumbu. Ɗauko."

Na ɗauko.

"Sa tsumma ki jawo su waje. Ki sare gindin kowace. Kada ki bar ko guda."

Na dube ta. Ta ce, "Zubarwa anka ce za a yi. To, mi a ruwan mai zubarwa da gindi?"

Robar tana da tauri fiye da yadda na zata. Na yi ta sara, gatarin yana dawowa, har sai da na gane inda zan dosa. Ita tana zaune daga nesa a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan cinya, tana kallo. Da na tsaya in huta a ta uku ta ce, "Wancan ramin ya yi ƙanƙane, ana iya liƙewa." Na ƙara shi.

Yaya ya zo da la'asar da a-kori-kura da mutum biyu. Ya yi sallama ya shigo, ya ga gangunan a tsakar gida kowace da gindi a wage. Ya tsaya. Ya dubi gatarin da ke jingine kusa da ni.

"Wa yas sa ki?"

Inna ta riga ta juya fuskarta bango. Daga nan ta yi magana, da ni take, amma da muryar da har mutanen da ke waje sun ji.

"Sa'a, ki ce ma mutumin Argungu shi kwashe kayanai. Yanzu ba su riƙe ruwan kowa."

Na juya na maimaita masa, kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Ya durƙusa kamar zai gaishe ta, ya daɗe a durƙushe, ba ta juyo ba. Sannan ya tashi ya ce wa mutanensa su sa safa kafin su ɗauka.